Tulun Da Aka Fasa Wa Jamni

Jamni tana durƙushe gaban murhu tana hura wuta, hayaƙi ya cika mata idanu, itacen kuwa sai tsiyayar ruwa yake yi. Ta ɗago kai tana tari.

"Inna, don girman ubangijinmu Bara Deo, wa ya taɓa jin an wanke itace kafin a sa shi a wuta? Yau kunun nan sai rana ta faɗi!"

"Rage muryarki," in ji Inna Manko, tana leƙen zaure. "Fandit ya ce ba a san hannun da ya taɓa shi a daji ba."

"Ba a sani ba? Surukinki fa ya saro shi, shi ya ɗauko shi a ka!"

"To ai shi ya sa."

Maganar kuɓuce wa tsohuwar ta yi. Ta kai hannu ta rufe baki, amma ta riga ta fita. Jamni ta ajiye mafici, ta zauna daɓas a ƙasa tana kallon uwarta.

Gidan Somru ne, uban Jamni, dagacin Amjar, a ƙasar Sarkin Garha. Mu 'yan ƙabilar Gond ne dukanmu, da mu da shi, kuma da can babu wanda ya fi wani sai da shekaru. Caitu, mijin Jamni, maraya ne daga kan tudu, cikin masu sare daji su ƙone su shuka kodo, wani ɗan hatsi mai kama da gero, a toka. Ko akuyar kai wa surukai ba shi da ita, don haka ya bi al'adarmu ta lamsena: ya shigo gidan uban yarinya ya yi masa bauta har a gamsu da shi. Damina bayan damina ya yi noma, ya yi kiwo, ya kwana a rumfar shanu. Ba don tausayi aka ba shi Jamni ba, da guminsa ya same ta. Ita ma kowa ya sani, tun ranar da ya shigo da gatari a kafaɗa ƙoƙon abincinsa ya fara fin na yayanta cika.

Arziki ne ya kawo masifar. Sarki yana son giwaye, dajinmu kuwa cike yake da su. Caitu ya haƙa ramukan kama su, Somru ya kora giwaye zuwa fada. Aka naɗa masa rawani, aka ba shi ikon ƙauyukan kwarin duka. A fadar ne ya ga Rajput, masu takobi da murɗaɗɗen gashin baki, ya ga ana yi musu shimfiɗa shi kuwa a bar shi tsaye. Ya dawo gida abin yana cin ransa. Ya yanki gona mai kyau ya ba wani Birahman, wato malamin addininsu, da ake kira Fandit, shi kuma ya duba ya gano wai kakan kakan Somru ɗan sarkin Rajput ne da ya ɓace a daji wurin farauta. Aka rataya masa zaren tsarki, sunansa ya koma Sumer Sing, ɗansa Lingu ya koma Lal Sing. Aka kori kaji daga gidan, aka zubar da giyarmu ta furen mahuwa, aka hana matan gidan fita rawa. Mu da ba mu da zare aka raɗa mana suna: Gond na ƙura.

Da la'asar ɗin ranar Somru ya sa aka kira Jamni zaure. Fandit yana zaune kan fatar barewa, Lingu a gefensa. Caitu ma an kira shi, amma a bakin ƙofa aka tsayar da shi.

Fandit ba ya ɗaga murya. A hankali ya ce, "A jatin da gidan nan ya shiga, wato dangin masu zare, namiji yana iya ɗauko mace daga ƙasa ya ɗaga ta. Matar Lal Sing an yi mata wanka, ta shigo. Amma 'ya mace ba a ba da ita ƙasa. Auren nan kuma ba a kewaya wuta ba, ba a karanta komai ba. A wurinmu ba a yi shi ba."

"Ba a yi shi ba?" in ji Jamni. "To Fandit, cikin nan da nake ɗauke da shi, iska ce ta kawo shi?"

"Ke! Ba ki da kunya?" Lingu ya daka mata tsawa.

"Yaya Lingu—"

"Lal Sing!"

"Yaya Lingu, matarka da mijina tudu ɗaya suka fito, toka ɗaya suka taka. Ruwan da ya wanke ta, ƙarewa ya yi?"

Somru ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Bai dubi 'yarsa ba, tabarma yake kallo.

"Jamni, ba zan ɗaure ki ba. Shi zan ba shi bijimai biyu ya koma tudunsu, in kin haihu a kai masa abin da kika haifa. Ke ki zauna gidan ubanki cikin mutunci. In kuwa kin bi shi, to za a fasa miki tulu."

Kowa a zauren ya san ma'anar wannan. Jana'iza ce ake yi wa mutum yana raye.

Caitu ya durƙusa daga inda yake. "Baba, ka ji tausayin—"

"Kada ka ƙara ce mini Baba."

"Da nake cikin ramin giwa kana miƙo mini ruwa da hannunka, me nake ce maka?"

Somru ya kau da kai. Fandit ne ya yi gyaran murya, ya ce an ba su zuwa wayewar gari.

Bayan rumbu Caitu ya tarar da ita tana ɗaure 'yan tsummokinta.

"Kwance ƙullin nan," ya ce. "Kin san abin da ke kan tudu? Bukka mai yoyo da kodo rabin shekara, sauran rabin saiwar daji. Nan ga uwarki, ga shinkafa, ga man shanu. Ni na saba rashin kowa. Ke ba ki saba ba."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. In naƙuda ta zo, wa zai riƙe ki?"

"Kai mana. Wanda ya karɓi haihuwar shanun gidan nan kaf, tawa ce za ta gagare shi?" Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. "Ka yi bautar shekaru a kaina, yanzu kuma ka sayar da ni a bakin bijimai biyu? Ashe arha gare ni!"

"Ba haka nake nufi ba."

"To ɗauki gatarinka. A gaban dangi da gaban Bara Deo na ce na yarda da kai. Ban ga abin da ka yi da zan janye ba."

Da safe aka fito bayan gari. Na gani da idona, don an tara mu mu shaida. Wata baiwa ta ɗauko tsohon tulu cike da ruwan wanke-wanke ta ajiye a ƙasa. Fandit ya yi karatunsa, ya kira sunan Jamni cikin sunayen matattun gidan. Baiwar ta sa ƙafar hagu ta ture tulun, ya fashe, ruwan ya bi ƙasa. Mutanen gidan suka kwance gashin kansu, suka gangara rafi suka yi wankan makoki. Manko ta yi kuka har ta faɗi, sai ɗaukar ta aka yi. Jamni kuwa tana tsallaken rafin da ƙulli a ka, tana kallon ana makokinta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta durƙusa ta fuskanci ubanta, ta taɓa ƙasa da goshi, ta tashi ta bi mijinta.

Abin da Caitu ya faɗa bai ƙara ko kaɗan ba. Bukkar ta yi yoyo, birai suka cinye rabin kodo, mutanen kwari suka daina sayen zumarsa don kada ran dagaci ya ɓaci. Jamni ta haihu mace, suka sa mata Sukri. Babu wanda ya hau tudu daga Amjar.

Wata rana ta gangaro rafi wanki da jaririyar a baya, sai ga Manko a ɗaya gaɓar. An hana rayayye magana da matacce. Tsohuwar ta dubi hagu ta dubi dama, ta sunkuya kan dutsen wanki tana buga zane.

"Dutse," ta ce da ƙarfi, "in ka ga wata mai jego, ka ce mata ta bar shiga ruwan sanyi. Ka ce ta dafa saiwar nan mai ɗaci ta riƙa sha."

Jamni ta haɗiye kuka, ta sunkuya kan nata dutsen. "Dutse, ka ce an ji. Ka ce mace ce, sunanta Sukri. Hancinta sak na kakanta."

"Dutse, ka ce ta juyo da bayanta kaɗan."

Jamni ta juya. Manko ta tsaya tana kallon 'yar fuskar daga nesa, zanen da ke hannunta ruwa ya tafi da shi ba ta sani ba. Da za ta tafi ta manta ƙullin shinkafa a kan dutsen. Ta daɗe tana irin wannan mantuwar.

Uban kuwa a kasuwa suka fara haɗuwa. Jamni ta ajiye kwandonta ta zube a gabansa. "Baba, ina wuni?" Ya wuce ta gefenta kamar kututture ya gani. Ta dawo gida ta kwanta, ranar ko ruwa ba ta sha ba.

"Na rantse sai na tare shi a hanya," in ji Caitu, yana huci. "In nuna wa mutane wanda ya haƙa masa rawanin nan!"

"Ba za ka yi ba. Ubana ne."

"Uban da ya binne ki?"

"Shi ya ce ni ba 'yarsa ba ce. Ni ban ce shi ba ubana ba ne."

Haka suka zauna har Sukri ta fara gudu da ƙafarta. Yaran yanzu a yi musu kallon banza sau ɗaya sun tattara kaya. Jamni shekaru ta yi tana gaida wanda ba ya amsawa.

Sai wata damina. Akwai wata farar saniya da Somru ya ware zai ba Fandit kyauta. Don kada hannun makiyayi ya taɓa ta, shi da kansa yake ɗaure ta. Mutumin da ya daɗe bai riƙe igiya ba, ya yi mata zarge a wuya ya gajarta. Aka yi tsawa, saniya ta firgita ta yi ta kewaya turke. Da gari ya waye aka same ta a shaƙe.

Somru ya tsaya a kanta, ya yi tsaki, bakinsa ya riga tunaninsa. "To, a kira masu fiɗa kafin naman ya lalace."

Da can haka ake yi, a feɗe a raba wa maƙwabta, magana ta ƙare. Amma yanzu akwai zare a kafaɗarsa, masu zare kuwa saniya abar tsarki ce a wurinsu, Fandit kuma yana tsaye ya ji.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Wanda saniya ta mutu da igiyarsa a wuyanta, shi ya kashe ta. Za a rataya masa igiyar a nasa wuyan. Ba zai yi maganar mutane ba, sai kukan shanu. Ba zai ci ba sai abin da aka jefa masa. Zai taka da ƙafa har Amarkantak, mafarin kogin Narmada, ya yi wanka. Kafin nan duk ɗan jatin da ya taɓa shi ya ƙazantu.

"Lingu," in ji tsohon, "damina ce fa. Gwiwoyina—"

"Baba, ka yi haƙuri. Doka ce, kuma kai ka kawo ta gidan nan. In na taɓa ka, wa zai auri 'ya'yana?"

Ya ja baya, aka rufe ƙofa. Manko tana ciki tana dukan ƙyaure, surukarta ta riƙe ta.

Hanyar Amarkantak ta kan tudu take bi. Bayan kwanaki, da hantsi, Jamni tana tankaɗe sai ta ji kukan saniya a bakin shingen gonarta. Ta suri sanda ta fita a guje. "Kai! Shanun wa kuma aka sako mini a kodo?"

Babu saniya. Tsoho ne kwance cikin taɓo, igiya a wuya, jikinsa na karkarwar zazzaɓi. Ya ɗago ya gan ta. Bakinsa ya motsa kamar zai kira suna, sai ya tuna, ya sake yin kukan nan. Sandar ta faɗi daga hannunta.

"Baban Sukri! Baban Sukri, zo!"

Caitu ya iso da gatari. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Baba ne," in ji Jamni.

"Wane Baba? Matattu suna da uba?"

"Faɗi duk abin da ke ranka, ka gama. Sannan ka kama ƙafafunsa."

"Ina Lal Sing mai takobi? Ina Fandit mai gona? Sai mu 'yan ƙura?" Ya tofar da yawu gefe. Ya dubi matarsa, ya ga yadda take kallonsa. Ya jefar da gatarin. "Matsa. Ba ƙafafu ba, ni kaɗai zan ɗauke shi. Bai kai nauyin ɗan maraƙi ba."

A cikin bukka tsohon ya yi ta ture hannunta, yana nuna igiyar, yana girgiza kai. Ta kawo kunu ya kau da fuska.

"Baba, rayayyu aka hana su taɓa ka," ta ce. "Ni kuwa kai ka yi mini jana'iza. Me kuma zai same ni? Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Ya sha yana kuka, hawaye na zuba cikin ƙoƙon. Sukri ta leƙo daga bayan uwarta ta ce, "Inna, me ya sa saniyar nan take da gemu?" Caitu ya fita waje da sauri, ba a san dariya ce ta fitar da shi ko kuka ba.

Da zazzaɓin ya sauka, Somru ya nuna hanya da hannu. Bai yarda a cire igiyar ba, kuma a nan ban ga laifinsa ba, wanda ya ɗauki alkawari ya sauke shi. Sai dai ƙafafun sun ƙi. Caitu ya saƙa babban kwando na gora, ya zaunar da surukinsa a ciki, ya goya shi. Jamni na biye da Sukri da ƙullin gari. Suka hau duwatsu, suka ƙetare rafuka masu ambaliya, igiyar kwandon ta ci kafaɗun Caitu har suka yi jini. A Amarkantak ya shiga da shi cikin ruwan har ƙirji. Tsohon ya nutsa ya ɗago, aka zare igiyar daga wuyansa.

Ya daɗe yana motsa baki kafin murya ta fito.

"Jamni," ya ce. Ya sake cewa, "Jamni." Sannan ya dubi Caitu. "Ɗana, zauna ka huta."

Labari ya riga su isa Amjar. A bakin gari Fandit da Lingu suka tare su, jama'a sun cika wurin.

"Wankan ya yi," in ji Fandit, "amma ka ci daga hannun matacciya, kuma ɗan ƙura ya goya ka. Sai an sake tsarki. Saniya, da ciyar da Birahman, da rantsuwa ba za ka ƙara kallon su ba. Daga nan ka koma gidanka da rawaninka."

"Ita fa?" Somru ya tambaya. "Akwai abin da zan bayar ta dawo? Gonaki? Shanun duka?"

"In ta rabu da shi."

Jamni ta matsa kusa da mijinta. Somru ya dube ta, ya dubi gyambon da ke kafaɗun Caitu. Ya dafa sanda ya miƙe tsaye, ya ɗaga muryar da ya saba yanke hukunci da ita.

"Mutanen Amjar, ku ji! Ga 'yata Jamni, tana raye. Ni na yi ƙarya a kanta. Ga mijinta Caitu, da guminsa ya aure ta, a gaban idonku. Ga jikata!"

"Baba, ka san abin da kake jawowa?" Lingu ya ce. "Kai ma sai an fasa maka tulu. Ni kuma za a sa in tsaya a kai."

"Ka tsaya, ɗana. Na san yadda tsayuwar take. Ba za ka ji daɗinta ba."

Sai aka ji ƙarar ƙyaure. Manko ce ta fito da rana tsaka, fuska a buɗe, ƙulli a ka. Ta ratsa jama'a, ta tsaya gaban ɗanta.

"Lingu, ka sa a nemo tulu biyu, kada ku yi wahala sau biyu."

Ta wuce shi ta rungume Jamni. Kukan da suka yi, mu da ke tsaye ma sai da muka taya su.

Biyun kuwa aka fasa, Lingu yana tsaye. Rawani da gonaki suka zama nasa. Somru ya yi damina biyu a bukkar kan tudu, yana korar birai daga kodo, Sukri na ja masa gemu. Ya mutu kansa a cinyar Jamni, Caitu ya haƙa masa kabari irin namu, mutanen tudu duka suka zo. Lingu bai zo ba. An ce ranar ya shiga ɗaki ya rufe, bai ci abinci ba. Zuriyarsa suna nan da zarensu, kuma har yau babu Rajput ɗin da ya taɓa cin abin da aka dafa a gidansu.

Jamni ta tsufa a ɗakin mijinta, uwarta ta cika a hannunta, ta ga 'ya'yan Sukri. Ba ta yi arziki ba, ban kuwa ce muku ta yi ba. Amma ba ta saki mijinta don ubanta ba, ba ta kuma zagi ubanta don mijinta ba, ta haƙura har aka dawo mata da su duka. Ku 'yan mata ku riƙe wannan. Ku kuma iyaye, duk girman da za a ce sai kun binne ɗanku da ransa kafin a ba ku, ku bar wa mai shi kayansa.